Ku Tambaya, Mu Amsa: Raba Daidai, Daga Naman Watanda Zuwa Iyakar Gona

Wasiƙun wannan watan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato yadda za a raba abu kowa ya samu daidai da na ɗan'uwansa. Mun miƙa tambayoyin ga masu sana'ar da abin ya shafa: mahauta, safiyo (masu awon fili), kafintoci, malaman gado da masu ilimin magunguna. Alƙaluman da ke cikin misalan na kwatance ne, kowa ya cire su ya sa nasa.

Assalamu alaikum. Mu ashirin ne a layinmu muke haɗa kuɗi mu yi watanda duk jajiberin ƙaramar Sallah. Ba a taɓa watsewa ba tare da ƙorafi ba. Wannan ya ce nasa duk ƙashi ne, wancan ya ce ko ƙyallin hanta bai gani ba. Bana ni aka ɗora wa rabon. Ta ina zan ɓullo? Daga wani magidanci a Funtuwa.

Wa alaikumus salam. Malam, inda ake samun matsala shi ne a zube naman gaba ɗaya a kan leda, a sa mutum ɗaya ya yi ta damƙa yana kasawa. Ko da sikeli ya nuna kowane kashi kilo bakwai ne, bakwai ɗin wani tsokar cinya ce, na wani kuma haƙarƙari da jijiya. Nauyi ya zo ɗaya, amma abin da za a tarar a tukunya ya bambanta.

Saboda haka kafin a fara kasawa, a sa mahauci ya ware naman gida-gida. Tsoka zalla gefe guda. Ƙashi mai nama, irin su haƙarƙari da gadon baya da wuya, gefe guda. Kitse da tozo daban. Hanta daban, domin ita ce aka fi sa wa ido. Sauran kayan ciki, tumbi da hanji da huhu da saifa, a wanke su nesa da tsoka a ajiye su daban. A auna kowane gida, a rubuta, a raba da yawan kashi.

A ce tsoka ta ba da kilo 84, ku ashirin, lissafi ya ce kowa kilo 4.2. Kada ka fara da 4.2. Ka auna wa kowa kilo 4 cif, ka bar huɗun da suka rage sai zagaye na biyu. Dalili kuwa, nama yana tsiyayar jini da ruwa tun daga lokacin da aka yanka shi, kuma duk wanda yake awo hannunsa kan ɗan zarce a kason farko-farko. Idan ka bi lissafin takarda daidai-wa-daida, kana kaiwa kashi na 19 za ka ga nama ya ƙare, sai a koma ana tsinta daga kason mutane, a nan ne gunaguni yake farawa. Ragowar zagaye na biyu kuwa ƙanana-ƙanana za a yanka ta a bi kowane kashi a ɗora. Haka za a yi wa ƙashi, sannan kitse, sannan kayan ciki. Hanta mai kilo 4 kowa zai tashi da giram 200, kuma gara a yanka ta a idon jama'a.

Game da sikeli, ba lallai ba ne ya zama mai faɗin gaskiya ɗari bisa ɗari. Abin da ake buƙata ya zama guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da roba guda ɗaya, domin in yana ƙari kowa zai ƙara wa, in yana ragi kowa zai rage wa. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka kawo sikeli biyu wai don a yi sauri, ko aka bar jini da guntun kitse suna taruwa a gindin robar ba a zubarwa.

Akwai abubuwan da ba sa kasuwa ashirin: kai, ƙafafu huɗu, harshe, bindi, zuciya, ƙoda biyu da fata. Kada a wahalar da kai wajen daddatsa su. Tun ranar da ake haɗa kuɗi a yanke shawara cewa za a yi gwanjonsu a tsakaninku, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kuɗin a biya mahauci da masu wankin kayan ciki, in da saura a raba. Masu rabin kashi kuma a haɗa su biyu-biyu tun farko, a ba su kashi ɗaya su raba a tsakaninsu da sikelin nan dai.

Sai ɗauka. Wanda ya kasa ba ya zaɓa, kuma ba a cewa manya su fara, in ba haka ba rabon ya koma kashin dankali. A sa wa kowane kashi lamba, a rubuta lambobin a 'yan takardu, a zuba cikin hula, ƙaramin yaro ya riƙa zarowa ana kiran suna. Tsohuwar hanyar ma tana aiki: mutum ɗaya ya juya baya, wani ya nuna kashi ya ce “wannan na wa?”, shi kuma ya ambaci suna. A yi yanka da sassafe a gama kafin rana ta take, kuma kada a ƙulle nama mai ɗumi cikin leda, nan da nan yake canza wari.

Duk wannan bayani na watanda ne. Layya hukuncinta daban: a mazhabar Malikiyya ba a haɗa kuɗi a yi tarayya a dabbar layya, sauran mazhabobin uku kuma sun yarda mutum bakwai su haɗu a sa ɗaya ko raƙumi. Sannan ba a biyan mahauci ladansa da naman layya.

Ni da ƙanena muka sayi gona, kowa ya ba da rabin kuɗi. Gabanta yana bakin hanya, faɗinsa mita 60. Bayanta ya fi faɗi, mita 100. Daga hanya zuwa ƙarshenta mita 80. Da muka tashi rabuwa sai aka auna mita 40 daga hanya aka kafa turke, aka ba ni gaba, aka ba shi baya. Ina ganin kamar nasa ya fi nawa, amma kowa cewa yake tsakiya aka raba. Daga wani manomi a ƙasar Malumfashi.

Idonka bai yaudare ka ba, Malam. An raba tsawon gonar biyu, amma ba a raba ƙasar biyu ba. Ga lissafin. Idan gaba da baya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ana haɗa faɗinsu a raba biyu, a ninka da zurfin gonar. Wato 60 da 100 sun zama 160, rabinsa 80, sau 80, gonar tana da murabba'in mita 6,400. Kowannenku 3,200 ya kamata ya samu. To a inda aka kafa turken nan faɗin gonar mita 80 ne. Naka ya zama 70 sau 40, wato 2,800. Na ƙanenka 90 sau 40, wato 3,600. Tsakaninku akwai 800. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, ka ga ratar ta tasam ma fuloti biyu.

Hanya mafi sauƙi, kuma a ganinmu mafi adalci, ita ce a tsaga gonar a tsaye. A nemo tsakiyar gaba, mita 30, a kafa turke. A nemo tsakiyar baya, mita 50, a kafa wani. A ja igiya tsakaninsu. Kowa ya samu mita 30 a bakin hanya da 50 a baya, 3,200 cif, kuma babu wanda zai ratsa ta cikin shukar wani kafin ya kai tasa.

Idan kuwa dole sai gaba da baya, layin ba a mita 40 zai zauna ba, sai kusan mita 45 daga hanya (44.9 in ana son ƙwaƙƙwafi), inda faɗin gonar ya kai mita 82 da rabi. A aikace, a auna tsawon gefen dama a ɗauki kashi 56 cikin ɗari daga bakin hanya, a yi wa gefen hagu haka, a haɗa. Amma a tuna na baya yana buƙatar hanyar da amalanke ko tarakta za ta shiga. Hanya mai faɗin mita 3 da tsawon 45 ta ci murabba'in mita 135, kuma daga jimillar gonar ya kamata a fara cire ta kafin rabo, ba daga kason na gaba shi kaɗai ba.

Kura-kurai uku ne suka fi yawa a awon gona. Na farko, a auna zurfi ta bin gefen da ya karkace. Gefen da ya karkace kullum ya fi zurfin gaskiya tsawo. Don a samu layin da ya miƙe sak daga hanya, a ɗauki igiya mai mita 12, a yi mata alama a mita 3 da mita 7, a haɗa bakunanta, mutum uku su ja ta ta yi kusurwa uku mai gefe 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai, wadda magina ke fitar da harsashin gini da ita. Na biyu, a kewaye gona ana ƙirga taku a ce tunda kewayensu ɗaya girmansu ɗaya. Gona mai mita 100 da 100 da gona mai 150 da 50 duk kewayensu mita 400 ne, amma ta farko hekta ɗaya ce cur, ta biyu kashi uku cikin huɗu na hekta. Na uku, dogaro da manhajar awon fili ta waya. Tana iya kuskuren 'yan mitoci a kowace kusurwa. A gona mai hekta goma wannan ba wani abu ba ne, amma a ƙaramin fili ya isa ya haɗa 'yan'uwa faɗa.

Gonar da ba ta da siffa kuwa, a tsaga ta gida-gida masu kusurwa uku. Girman kowane gida shi ne gindinsa sau tsayinsa a raba biyu. In gonar kanta mai kusurwa uku ce, aiki ya zo da sauƙi: a raba gefe ɗaya daidai gwargwadon yawan masu rabo, a ja layuka zuwa kusurwar da ke fuskantarsa.

Bayan an gama da awo, sai a dubi daraja. Gefen da ya gangara fadama ba ɗaya yake da jigawa ba. Rijiya, ɗorawa, tsamiya, mangwaro, duk a yi musu kuɗi, wanda suka faɗo a nasa ya cika wa ɗan'uwansa. A yi komai a gaban mai unguwa ko dagaci da maƙwabtan gona, a rubuta awon a takarda kowa ya sa hannu, a binne turakun siminti, sannan a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan layin. Idan gonar tana da takardar mallaka ta gwamnati, rabon baki bai isa ba: a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 sauya mallakar irin wannan fili sai da amincewar gwamna, saboda haka sai an bi ta hukumar filaye ta jiha da safiyo mai rajista.

Ina koyon aikin kafinta, maƙwabcinmu kuma mai walda ne, tare muka rubuto. Ni matsalata raba katako mai faɗin inci 11 da rabi gida biyar. Shi kuma in yana jera ƙarafunan taga, ramin ƙarshe kullum sai ya fi sauran girma ko ƙanƙanta. Daga wasu matasa a Zariya.

Samari, ku ajiye kalkuleta tukuna. Kai mai katako, ɗora tef ɗinka a karkace: sifili a kan gefe ɗaya na katakon, ka juya shi har lamba 15 ta sauka a kan ɗaya gefen. Yi alama a 3, 6, 9 da 12. Koma ɗaya ƙarshen katakon ka maimaita, ka haɗa alamomin da layi. Faɗin ya rabu biyar daidai. In gida huɗu kake so, ka karkata zuwa 12 ka yi alama a 3, 6 da 9. Ƙa'idar ita ce ka zaɓi lambar da ta fi faɗin katakon, wadda kuma take rabuwa ba saura.

Sai dai layi daban, yanka daban. Bakin zarton inji yana cin kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane wucewa, ya mai da shi gari. Gida biyar yanka huɗu ne, ka ga rabin inci ya tafi. Abin da za ka raba a zahiri inci 11 ne, kowane sili ya zama inci 2.2, kusan milimita 56. Idan ka bi tsakiyar layukan da ka ja, silin gefe biyu za su fi na tsakiya uku faɗi, domin su ta gefe ɗaya kawai zarto ya ci su. A ƙofa ko gado wannan bambancin yana fitowa fili. Gara ka saita madogarar injin a milimita 56 ka tura duka a kanta. A yankan tsawo ma haka: katako mai ƙafa 12, ka fara daidaita bakinsa da ya tsage, ka auna abin da ya rage, ka cire cin zarto, ka kafa ɗan katako a matsayin tokari don kowane yanki ya tsaya a wuri ɗaya.

Kai kuma mai walda, abu biyu ne ke cin ka. Na farko, ramuka kullum sun fi ƙarafuna da ɗaya. Na biyu, kaurin rodin kansa yana cin wuri. Taga mai faɗin santimita 120 a ciki, rodi tara masu kaurin milimita 12: tara sau 1.2 ya ba da 10.8, a cire daga 120 saura 109.2, a raba da ramuka goma, kowane rami santimita 10.9. Yanke ɗan ƙarfe mai wannan tsawon ya zama ma'auninka. Amma kada ka dogara da shi shi kaɗai kana tafiya daga gefe ɗaya, domin kuskuren milimita 2 a kowane rami yana taruwa ya zama kusan santimita 2 a ramin ƙarshe. Fara ɗana rodin tsakiya a daidai santimita 60, ka yi aiki dama da hagu, ka ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan, ka ja baya ka duba, sannan ka ƙone.

Ina yin kek na sayarwa. Mai kusurwa huɗu in za a raba shi biyar ko bakwai, wasu su samu gefe mai ado, na tsakiya su tashi ba komai. Akwai dabara? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Akwai, Hajiya, muddin gefunan huɗu tsawonsu ɗaya. Ki auna kewayen, ki raba shi. Kek mai santimita 20 kowane gefe kewayensa 80 ne, a raba biyar 16 ke nan. Ki fara daga kowace kusurwa, ki bi gefe kina sa tsinke duk bayan santimita 16, in kin zo kwana ki ci gaba da ƙirga. Daga kowane tsinke ki yanka zuwa tsakiyar kek ɗin. Yankunan ba za su yi kama da juna ba, amma girmansu ɗaya, adon gefensu ma ɗaya, saboda nisan tsakiya zuwa kowane gefe ɗaya ne. Wannan ba ya aiki a kek mai tsawo. Mai da'ira kuwa, ki zagaye shi da zare, ki auna zaren, ki raba: mai faɗin santimita 25 kewayensa 78 da rabi ne, gida bakwai kowanne 11.2. Ki riƙa tsoma wuƙar a ruwan zafi kina gogewa bayan kowane yanka.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da mu 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. Malamin da ya zo rabo ya ce dukiyar za a kasa ta gida 168. Mu bakwai ne kacal, ina 168 ta fito? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Malama, malamin yana kan daidai. Gado ba a raba shi daidai da kawunan mutane, amma kafin a ba kowa haƙƙinsa sai an farfasa dukiyar zuwa ƙananan kaso masu girma ɗaya, sannan a ƙirga wa kowa nasa.

Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya (ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji), sai a dubi ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ƙaramar lambar da takwas da shida suke shiga ba saura ita ce 24. Mata ta ɗauki 3, kakarku ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka maza biyu kaso huɗu ne, mata uku kaso uku, jimilla bakwai. To 17 ba ta rabuwa bakwai. Maimakon a shiga gutsure-gutsure, sai a ninka komai sau bakwai: 24 sau 7 shi ne 168 ɗin da kika ji. Mata 21, kaka 28, saura 119, kowane namiji 34, kowace mace 17.

A ce abin da ya rage naira miliyan 8 da dubu 400 ne. A raba da 168, kowane kaso naira 50,000. Matar mamaci 1,050,000. Kaka 1,400,000. Kowane namiji 1,700,000. Kowace mace 850,000. Ki haɗa za ki ga ya koma 8,400,000 ba ragi. Da mata biyu ya bari, tumunin nan guda za su raba daidai, kowacce 525,000, ko da ɗaya ta haihu ɗaya ba ta haihu ba. Akwai ma inda namiji da mace suke cin daidai: 'yan'uwan mamaci da suka haɗa uwa kawai suna raba sulusi ba fifiko.

Lissafin ba kasafai yake jawo rigima ba, kima ce ke jawo ta. Gida da gona da shago sai an mai da su kuɗi kafin su shiga 168 ɗin nan, kuma in aka karya farashin gida don wani ya riƙe shi, an ci haƙƙin sauran ko da lissafin ya fita tsaf. A kira masu kima aƙalla biyu waɗanda ba su da alaƙa da kowa, a yi kimar komai a lokaci ɗaya. In an kasa daidaitawa, kotun shari'a tana da hurumin rabawa.

Mun yi noman masara na haɗin gwiwa da aminina, muka samu buhu 30, kowa ya ɗauki 15. Da muka kai kasuwa aka juye aka auna, nawa ya gaza nasa da fiye da buhu guda. Ban zarge shi ba, amma ina son sanin dalili. Daga wani manomi a Saminaka.

Ka kyauta da ba ka zarge shi ba, domin buhu ba ma'auni ba ne. Wani an girgiza shi an danna, wani an ɗinke shi da sauran wuri, wani ma ɗinkinsa na asali ya fi faɗi. Ido ba mudu ba, ko da ya san kima. Ko da tiya aka cika su, in mutum biyu ne suka yi awon, toroƙon da kowa ke yi daban ne. Bambancin giram 100 a kowace tiya, a buhu mai tiya 40 ya zama kilo 4, a buhu 15 kilo 60.

Sai danshi, wanda shi ne babba. Masarar da aka zuba a buhu da danshin kashi 20 cikin ɗari, in ta bushe ta dawo kashi 13, kowane kilo 100 zai koma kusan 92. Idan buhunanka daga sussukar ranar farko suke, nasa kuma daga wadda ta ƙara kwana uku a rana, kilo 8 sau 15 ya ba da 120. Wannan kaɗai ya isa ya cinye buhu guda.

Nan gaba ku bari ta bushe gaba ɗaya, ku tara ta tsibi guda a kan tamfol, ku gauraya sama da ƙasa, tunda tsakuwa da gutsattsarin totuwa a ƙasa suke taruwa. Mutum ɗaya ya yi awo da kwano ɗaya, ya riƙa shafe bakinsa da sanda maimakon toroƙo, yana zuba ɗaya a naka ɗaya a nasa. In da sikeli, shi ya fi. Kafin wannan duka a fitar da bashin taki da kuɗin haya, a kuma fitar da zakka: ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a wanda aka yi wa ban-ruwa da inji. A Malikiyya kason kowane abokin tarayya ake dubawa a ga ko ya kai nisabi, ba jimillar tsibin ba.

Likita ya ce mahaifiyata ta riƙa shan rabin ƙwaya. In na karya sai ta dagargaje, ko rabi ya fi rabi. Sannan “sau uku a rana” yana nufin bayan kowane cin abinci? Daga wata mai jinya a Gusau.

Allah ya ba Mama lafiya. Ƙwayar da aka yi don a raba tana da tsaga a tsakiya. Ki ɗora ta a kan faranti busasshe, tsagar tana sama, ki danna gefe biyu da yatsu lokaci ɗaya. Idan ƙarama ce sosai, ki nemi ɗan abin yanka ƙwaya a kemis, ya fi reza ko haƙori. Ki riƙa raba guda ɗaya kawai, a sha rabi yanzu, ɗaya rabin a sha na gaba, ta haka in wani ya fi wani sun cike wa juna. Kada ki farfasa na wata guda ki ajiye, iska da danshi suna lalata su.

Akwai waɗanda ba a rabawa sai mai ilimin magunguna ya ce a raba: kafso, da ƙwaya mai rufi na musamman, da wadda aka rubuta SR, XR, CR, MR ko EC a jikin kwalinta. Yawancinsu an yi su ne su riƙa sakin magani a hankali, ko su wuce ciki kafin su narke, in aka fasa sai maganin ya fita lokaci ɗaya. Magungunan farfaɗiya, na tsinka jini da wasu na zuciya kuma ɗan bambanci yana da tasiri a cikinsu, gara a nemi ƙwayar da ƙarfinta ya yi daidai da abin da likita ya rubuta.

Sau uku a rana, musamman a magungunan kashe ƙwayoyin cuta, awa 24 ake rabawa uku: ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Idan aka bi karin kumallo da abincin rana da tuwon dare, sai a sha uku cikin awa 12, a bar jiki awa 12 ba magani. Wanda aka ce a sha da abinci, a ɗan ci wani abu a waɗannan lokutan. Na ruwa kuma a auna shi da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi. Cokali ɗaya a takardar likita mililita 5 ne, cokulan gida kuwa wani bai kai haka ba, wani ya wuce.